Gawa Tsakanin Marina da Magina

A birnin Lahore, zamanin sarakunan Mughal, cikin wani dare na sanyi, Bhikhan mai unguwar marina ya ji wata ƙara da bai taɓa jin irinta ba. Kamar ana jan buhun hatsi a ƙasa, amma buhun yana kaɗa 'yan ƙararrawa. Ya yi tsaki ya ja bargo.

Da asuba ya buɗe ƙofa, sai ga mutum kwance a bakin kwata cikin farar riga mai tsada, an shaƙe shi da rawaninsa. A idon sawunsa akwai 'yan ƙararrawar nan da ake ɗaura wa tantabaru. Abin da zai sa mutum da gemunsa ya saka kayan tantabara, Allah kaɗai ya sani.

Ba mutuwar ce ta tayar wa Bhikhan hankali ba, dokar Kotwal ce, mai tsaron gari. Duk unguwar da aka tsinci gawa, mai unguwa ne zai kawo wanda ya yi kisan, in ya kasa kuwa shi zai zauna a kurkuku a madadinsa. Ga kuma sawun ja ɓaro-ɓaro, ya tsallako kwata daga unguwar magina tukwane, inda Sundar Das yake mai unguwa.

Bhikhan ya taso marina uku, suka cusa auduga a ƙararrawar, suka kinkimi mamacin suka mayar da shi bayan tanderun magina. Washegari ga shi ya dawo, an jingina shi da bango kamar mai jiran rini. Suka sake mayarwa. Ya sake dawowa, wannan karon har da tabarma, don magina mutane ne masu kara.

Da rana kuwa masu unguwar biyu sukan haɗu a bakin kwatar su gaisa.

"Maƙwabci, kwana biyu kamar ba ka samun barci," in ji Sundar Das, yana ɓare ganyen pan, wanda suke taunawa kamar goro.

"Baƙo nake ta yi, kullum na raka shi sai ya dawo."

"Ai ka san baƙo, inda ya ga fuska nan yake zama."

Mahtab matar Bhikhan ta gaya masa tun farko ya je ya faɗa wa Kotwal gaskiya, ya ce aikin mata ne tsoro. Ta ce to ai bayansa ne, ba nata ba.

Sanyi ya rufa musu asiri na ɗan lokaci, amma daga baya wari ya tona. Kotwal Daulat Beg ya iso da dogarai, ya sa aka shimfiɗe gawar a tsakiyar titi, ya toshe hanci ya tsaya yana kallo. Farar rigar nan ta koma kamar zanen biki. Hannun marini ba ya rabuwa da baba, na magini ba ya rabuwa da jar laka, kuma kowa ya saba da nasa har ya daina gani. Tafuka shuɗaye a hammata, jajaye a ƙafafu, wani kan wani.

Kotwal ya ce shekarunsa a aikin nan bai taɓa ganin mutumin da unguwa biyu suka taru suka kashe ba. Jar laka dai ta bushe, ana kakkaɓewa tana zuba. Baba kuwa ya kama, don marinan Lahore ba sa aikin banza. A wuyan mamacin, daidai inda aka shaƙe shi, akwai wani babban tafi shuɗi, wurin da Bhikhan yake riƙewa kullum don kada kan ya yi ta lilo.

Aka ce kowa ya ɗora hannunsa. Na Bhikhan ya zauna cif.

"Ranka ya daɗe, ɗaukarsa kawai na yi."

"Sau nawa?"

Bhikhan ya fara lissafi da yatsu, ya ga lissafin ba zai fisshe shi ba, ya bari. Aka sa masa igiya aka yi gaba da shi, yana tafe yana zagin baba, da magina, da duk wanda ya fara kiwon tantabaru a duniya.

Mutane suna watsewa, wata tsohuwa mai sayar da nono da ke maƙwabtaka da Bhikhan ta leƙo ta kan katanga.

"Wai shi mamacin nan, ɗan gidan wane ne?"