Ƙullin Gefen Kai

Kwana huɗu ke nan Baba bai yi barcin kirki ba, kuma kowa a gidan ya san Auta ce ta jawo.

Bargon Baba ya haura shekara talatin. Marigayiya Mama ce ta haɗa shi da hannunta daga ragowar ƙyallaye: farar rigarsa ta aiki, labulen tsohon gida, da wani yadi ruwan toka da ba wanda ya tuna asalinsa. Mama, Allah ya jiƙanta, ta iya abubuwa da yawa, amma ɗinki ba ya ciki. Layinta kan taso daga gabas da niyyar zuwa yamma, a hanya ya sake shawara. Audugar ciki ta dunƙule a gefe guda kamar mai fushi.

Ita kuwa Auta sana'arta ke nan. Shagonta na ƙasan benen da suke zaune, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki. Tana da takardar shaida a rataye a bango, da keken ɗinki mai zane ɗari da ashirin, wanda in ka latsa masa lamba sai ya zubo ganye ko igiyar ruwa ko tauraro ba tare da ya nemi ra'ayin kowa ba. Masu otal ma ita suke kawo wa aiki. A ce ubanta yana lulluɓa da wannan tsumma? Ta ce masa za a kai wanki, ta naɗe shi ta sauko.

Ta yi aiki, ba ƙarya. Ta farke ɗinkin Mama kakaf, ta sa sabuwar auduga tsakanin ƙyallen sama da na ƙasa, ta bi kowane faci da ɗinkin ganye da zare ruwan zuma, ta zagaye gefen da igiyar ruwa. Duk wani bakin zare ta ja shi da allura ta binne cikin auduga, don abu na farko da malamarsu ta koya musu shi ne ƙulli ba ya kwana a waje. Ta kowane gefe ka juya shi, iri ɗaya ne. Sai da ta ɗauke shi hoto sannan ta hau da shi.

Baba ya karɓa, ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Daga ranar barci ya ƙaura. Ya kwanta, ya tashi, ya je taga, ya dawo, ya tambaya ko Mama ta dawo daga maƙwabta. Auta ta ce ƙila ƙamshin sabuwar auduga ne, ta wanke bargon. Ta ce ƙila zafi ne, ta matso da fanka. Ta sake matashi. Ta sauka shago ta karya allura biyu a kan aikin mutane, kunnenta na kan takun silifas da ke kai da komowa a saman kanta.

Rana ta biyar, da hantsi, Yaya ya shigo shagon yana kaɗa makullin mota.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. An gyara bargo, an ɓata tsoho."

"Yaya, don Allah ka bari."

"Na bari. Jibi zan zo in ɗauke shi. Na sa an gyara masa ɗakin yara a gidana."

"Hawa na huɗu? Da wannan gwiwar tasa? Ai in ya hau ba zai ƙara saukowa ba."

"Ina yake zuwa dama? Ke kina nan ƙasa kina ta zuba wa masu otal furanni, shi yana sama yana auna ɗaki da ƙafa. Kin ga idonsa kuwa?"

Ta gani. Ta kuma san Yaya: in ya ce jibi, to da sassafe yake nufi. Shekara shida tana jin tarin Baba ta silin tana sanin ya farka, tana sanin lokacin ɗora ruwan shayi. Yaya na fita ta rufe shagon, ta hau.

Ta tarar da Baba zaune a bakin gado, bargon a cinyarsa. Mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar yana haɗa magani a asibiti, har yau ba ya shan ruwa a kofin da bai ga wankinsa ba, ko da yake yanzu idon ba ya ganin wankin. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ya kama kusurwa ɗaya ya murza da babban yatsa, ya sake ta, ya jawo ta gaba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya koma ta farko.

"Baba, me kake nema?"

"Kan."

"Kan me?"

"Kan bargon mana. Ina kansa?"

"Ai duk ɗaya ne, Baba. Ko ta ina ka ja daidai ne."

"Duk ɗaya ne," ya maimaita. "Abin da aka koya miki a makarantar ke nan? Ke kin taɓa ganin mai hankali ya rufe fuskarsa da inda ya sa ƙafa jiya?"

Nan ta tuna. Wani ƙulli na jan zare, ƙato kamar ƙwayar wake, a kusurwa ɗaya. Shi ta fara yankewa da reza. Har ta leƙa ta nuna wa mai gyaran waya, suka yi dariya, ta ce Mama ko buhu ta ɗinke sai ya ji kunya.

Ta karɓi bargon ta sauka da gudu. Kwandon shara an zubar tun shekaranjiya. Ta buɗe waya, hoton bayan gyara ne kawai, na kafin gyara ba ta ga abin ɗauka ba. Wace kusurwa ce cikin huɗun? Ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta ga ashe abin da Baba ke yi take yi. Can ta hango tauraro ɗaya tilo a kan yadin ruwan toka. Wurin yanke ƙullin rezar ta ɗan ci yadin, ita kuma ta rufe ɓarnar da zane mai lamba arba'in da bakwai.

Keken dai bai da lambar ƙulli. Ta zura jan zare a allurar hannu. Na farko ya fito ɗan mitsitsi, tsaf, har ya nemi nutsewa cikin auduga da kansa. Ta yi tsaki ta farke. Na biyu ma haka. Sai ta mayar da allurar zuwa hannun hagu, ta ninka zaren huɗu, ta naɗa shi sau bakwai, ta ja da ƙarfi har yadin ya tattare. Ya zauna a tsakiyar tauraron, ƙato, a karkace, jela na reto. Ta juya wa takardar shaidarta baya ta hau.

Baba ya murza ta farko, ya wuce. Ta biyu, ya wuce. A ta uku yatsan ya tsaya. Ya daɗe yana murzawa.

"Uwarki," ya ce, "shekara nawa ina gaya mata ta koyi ɗinki."

Ya miƙe ƙafafu, ya ja kusurwar har haɓa, rana tsaka, fanka na kaɗa jelar zaren.

Da la'asar ta kira Yaya, ta kai wayar kusa da matashin Baba, wanda ke ta minshari.

"Wane keke kuma kika kunna?" in ji Yaya. "Wannan ai yana neman mai."

"Ba keke ba ne, Yaya. Ka mayar wa yara ɗakinsu."