Tukunya Ɗaya, Gado Biyu

A ɗakin mata na asibitin gwamnati ba wanda ya damu da sanin sunansa. Ango suke ce masa, tun ranar da ya shigo ɗauke da matarsa a hannu yana roƙon a taimake shi, domin ko wata uku ba su cika da aure ba. Malamin makaranta ne mai koyar da adabi. Ya sha karanta labarin masoyan da baƙin ciki ya kashe, amma bai taɓa cin karo da na wadda ke neman mutuwa don rashin iska ba.

Huhun Amarya ne ya kamu. In ta ja numfashi sai ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar ana yaga tsohon ƙyalle. Tukunyar oksijin ɗaya ce ta rage a ɗakin, doguwa, fentinta duk ya kankare. An girke ta tsakanin gadon Amarya da na wata tsohuwa mai irin ciwonta, kuma robar da ake kifawa a hanci ita ma ɗaya ce.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin, ta yi musu bayani tana tafiya. "Karɓa-karɓa za ku yi. Ni hannu biyu gare ni, gadaje kuwa kun gani. Ku saita waya, in ta yi ƙara a cire wa wannan a sa wa waccan. Kada in ji faɗa."

Mai jinyar tsohuwar 'yarta ce, wata mai ɗinki da ta daɗe a ɗakin har ƙafafunta sun kumbura don zaman benci. Ango yana ce mata Anti, ita kuma ƙanena. Wayarta ta daɗe da mutuwa, wurin cajin da ke bango kuwa ado ne kawai, saboda haka wayar Ango ce ta zama alƙali. In ta yi ƙara, shi da kansa yake ɗaga robar daga fuskar matarsa ya miƙa, yana kallon yadda idanunta ke bin ta.

"Kai dai akwai amana," in ji Anti. "Wanda ya riga ka zama a nan sai da na zare masa ido kafin ya saki."

Wata mai jinya a can lungu tana da ƙaramin rediyo, kuma duk safiya magana ɗaya ake yi a cikinsa: ko a ɗora wa asibitocin kuɗi haraji, a zuba abin da aka samu a na gwamnati. Wannan ya ce adalci ne, wancan ya ce za a kashe masu ƙoƙari.

Anti ta taɓe baki. "Ka ji su. A ɗan tatsi na can a jiƙa mana maƙogwaro, shi ne ake ta kumfar baki."

"Ko an tatsa, kina zaton zai iso nan?" in ji mai rediyon. "A hanya zai tsiyaye, 'yar'uwa."

Matan suka yi dariya, irin wadda ba ta wuce leɓe.

"Na can" ba nisa gare shi ba. Ta tagar da ke kan Amarya ana hango shi a tsallaken titi, asibitin kuɗi ne, ginin gilashi mai furanni a bakin ƙofa, an rataya masa babban ƙyalle mai cewa haraji a kan marar lafiya zalunci ne. A cikinsa yayan Ango yake aiki, shi ke riƙe da ɗakin ajiyar kaya.

Ranar da leɓen Amarya ya fara yin toka-toka, Ango ya bar wa Anti wayarsa ya tsallaka. Sanyin na'ura ya dake shi tun daga ƙofa. Ya iske Yaya a ɗakin ajiya, bayansa kuwa tukwanen oksijin ne a jere, sababbi ƙal, kamar sojoji a fareti. Ango ya tsaya yana kallonsu har idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗaya kawai, Yaya."

"Ka san abin da kake tambaya kuwa?" Yaya ya rage murya. "Gidan nan a tsaye yake yanzu. In harajin nan ya tabbata, irinmu za a fara sallama, ba likitoci ba. Uzuri kawai suke nema."

"Ka zo ka ga leɓenta."

Yaya ya shafa fuska. Sannan ya jawo baro, suka kwantar da tukunya ɗaya, ya lulluɓe ta da tsohon labule. "Ta ƙofar baya. In an tare ka, ban san ka ba, ko nono ɗaya ba mu sha ba."

Ango ya tura baron cikin rana, motoci na yi masa ham, shi ko a jikinsa. Ji yake kamar ya ɗauko wa Amarya sararin sama gaba ɗaya. Da ya shigo ɗakin har tafi matan suka yi masa, Anti ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah.

Sista ta kawo kan tukunya, wato ƙarfen nan mai agogo da ake ɗaurawa kafin iska ta fito. Ta gwada, ta juya, ta sake gwadawa. Ya ƙi zama.

"Bakinsu ba ɗaya ba ne," ta ce a hankali. "Tasu sabuwar ƙira ce. Namu kan ya girme ka. Ina nata kan?"

Ango ya kira Yaya a waya. Yaya ya ce kawunan ba a wurinsa suke ba, suna ɗakunan marasa lafiya, kowanne a ɗaure a inda yake aiki. Ya ce ya yi haƙuri, ya ce kada ya sake kira yanzu.

Haka tukunyar ta tsaya a jikin bango, cike fal, tana ƙyalli kusa da tsohuwar 'yar'uwarta. Ba wanda ya sake kallonta.

Bayan azahar zafi ya danne ɗakin. Fankar sama ta tsaya. Amarya ta daina magana, sai dai duk lokacin da aka cire mata robar ta damƙe hannun Ango, farcenta ya nutse a fatarsa, wuyanta ya miƙe. Yana ƙirga mata numfashi da nasa, yana raɗa mata sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi.

Anti ta miƙo masa robar bayan tsohuwa ta gama nata rabon. Idanunta sun yi jajir. "Ƙanena, kaina zai fashe. Bari in ɗan kifa. In wayar ta yi ƙara ka tashe ni, ko ka sa wa Inna da kanka."

Ta ɗora goshi a gefen katifar uwarta, barci ya sace ta nan take.

Ango ya kifa wa matarsa robar. A hankali damƙarta ta sassauta, ƙirjinta ya lafa, wani ɗan ja ya fara dawowa leɓenta. Bai taɓa ganin abin da ya kai wannan ɗan jan kyau ba.

Wayar ta fara ƙara. Ba ta ƙarasa ba, yatsansa ya danne ta.

Kaɗan kawai, ya ce wa kansa. Ta ɗan ƙara samun ƙarfi. Tsohuwa ta ci zamaninta, wannan kuwa ko labulen ɗakinta ba ta gama ratayawa ba. Ya ji ƙyamar tunanin, amma bai ɗaga robar ba. A ɗaya gadon tsohuwar na kallon silin, bakinta na buɗewa yana rufewa. Ba ta kira kowa ba. Hannunta kawai ta ɗora a kan ɗankwalin 'yarta, tana shafawa.

Ango ya juya mata baya. Da ya waiwayo, hannun ya daina motsi.

Kukan Anti ya tara ɗakin. Sista ta zo ta taɓa wuyan tsohuwar, ta dubi robar da ke fuskar Amarya, ta dubi Ango, sannan ta ja zane ta rufe gawar.

Anti ta kama hannun rigarsa. "Lokacin sa mata robar bai yi ba ko, ƙanena? Ba barcina ne ya jawo ba?"

"Bai yi ba, Anti."

"To, kwana ne ya ƙare." Ta share fuska da bakin mayafi. Da ta gama haɗa kayanta ta bar wa Amarya matashin kai, ta sunkuya ta gyara mata robar. "Yanzu duka taki ce, ƙanwata. Ki shaƙa da kyau. Kai kuma Allah Ya saka maka, ka riƙe ni kamar ciki ɗaya."

Amarya ta tashi. Bayan 'yan kwanaki ta fara zama, ta fara shan ruwan zafi da hannunta, aka cire mata robar gaba ɗaya. Rediyo ya ce an ɗage maganar haraji sai wani zaman. Yaya ya aiko an mayar da tukunyarsu ta ƙofar baya.

Ango yana tsefe mata gashi da safe ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na ji ƙarar wayar."

Yatsunsa suka tsaya.

"Idona biyu. Hannuna ma yana kan robar, da na ga dama da na ture ta. Ban ture ba."

Ya saki gashinta.

Ana haka aka shigo da wata yarinya tana haki, aka kwantar da ita a gadon tsohuwar. Wata matar kuma daga can lungu aka gungurota kusa, aka girke tukunyar a tsakaninsu. Masu jinyarsu, wani dattijo da wata budurwa, suka tsaya suna kallon robar guda ɗaya.

Sista ta wuce da tiren allurai, ta ce, "Ango, kai ka ƙware. Nuna musu yadda ake yi."

Dattijon ya juyo yana murmushin neman taimako, ya miƙo masa wayarsa. Amarya ta zame ta kwanta, ta juya fuskarta bango.