Latas Mai Ɗaci a Zauren Malam Ma'aruf

Jatau mutum ne da in ya ji rabin magana ba ya jiran sauran. Ranar da malamin gona ya leƙo lambunsa a Birnin Tudu, ya karya karan wani latas da ya tsufa, farin ruwa ya ɗigo kamar nono. Ya ce a ciki akwai wani sinadari mai ɗaci, laktusin, da ake jin yana sa barci. To, nan kunnen Jatau ya toshe. Malamin gona ya ƙara da cewa a jikin ɓeraye aka fi gwadawa, ga mutum kuwa ba a tabbatar ba, amma ina! Jatau ya riga ya zama likita.

Kuma ga majinyaci a hannu. Surukinsa, Malam Ma'aruf na Talata Mafara, tun da matarsa ta rasu barci ya ƙaurace masa. Dattijo ya rame, idanu sun faɗa, har karatun safe da yake ba ɗalibai ya fara gagararsa. An sha rubutu, an sha na asibiti, shiru. Amatullahi, matar Jatau, kullum cikin kuka take, wai rashin barcin nan shi zai raba ta da mahaifinta. Shi ma Jatau da nasa ciwon: sauran surukan gidan duk malamai ne, in an taru su yi ta jan Larabci, shi kuwa ya ajiye buhun albasa ya yi tsuru. Yau dai zai kai abin da babu wanda ya taɓa kaiwa.

Ya tsinko tsofaffin latas, ya daka, ya tace, ya cika gora.

"Baban Anas, ka tabbata wanga abu ba ya kisa?" in ji Amatullahi.

"Ke dai, laktusin ne," ya ce da ita, don iyakar abin da ya sani ke nan.

Tun asuba yake ban ruwa, amma ko hutawa bai yi ba ya hau babur cikin rana. Bayan Azahar ya isa. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a zaure, aka yi ta gaisuwa, gida, iyali, lambu, ƙarin haƙuri. Sannan ya tura gora gaba, ya yi bayani da muryar da ya ji likitoci suna yi a rediyo.

Malam ya dubi gora, ya dubi Jatau. "Kai ka sha?"

Wayyo! Jatau da ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban surukinsa ba, saboda kunya. Amma in ya ce bai sha ba, ai ya zama mai kawo wa dattijo guba. Sai ya juya fuska bango, ya ɗaga gora ya kwankwaɗa. Ɗacin ya kai masa har ƙeya, hawaye suka zubo, ya daure ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba laifi."

"To, mu jira mu gani," in ji Malam, ya ɗauki carbinsa.

Zauren kuwa ga sanyi, ga shiru. Jatau ya ji fatar idonsa ta yi nauyi. Ya mintsini cinyarsa, ya ciji leɓe, ya kama salati a zuci. Latas ne, ko rana ce da ban ruwa, Allah ne masani.

Da ya farka, inuwa ta riga ta juya. Ga shi shame-shame a kan buzun Malam, hula can gefe, miyau a kumatu, ƙafa ɗaya miƙe wajen surukinsa. Kuma ya san halinsa sarai: in ya yi barci, minsharinsa ba shi da maraba da injin ban ruwa. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Likitan banza, ya zo ba da magani ya ɓuge da shimfiɗa!

Ya yunƙura zai sulale, sai ya daskare. Malam ne jingine da bango, baki buɗe, carbi ya zame daga hannunsa, yana sharar barci. Gora tana nan inda Jatau ya ajiye ta, ko taɓa ta bai yi ba. Jatau ya koma ya durƙusa, ko tari ya kasa yi, har ƙafafunsa suka mutu.

Kiran La'asar ne ya tada dattijon. Ya buɗe ido a hankali, ya daɗe yana kallon Jatau, idon ya ciko da ƙwalla.

"Haka Hajiya ke minshari, Allah ya jiƙanta," ya ce. "Da, faɗa nike mata. Tun da ta tafi, gidan ga ya yi shiru da yawa."

Jatau ya sunkuyar da kai, tausayi ya kama shi har ya mance da kunyarsa.

"Gobe ka dawo bayan Azahar," in ji dattijon.

"In ƙaro maganin, Allah ya gafarta Malam?"

"Bar wa awaki abinsu," in ji Malam, yana share ido da hannun riga. "Kai dai ka zo da gajiyarka."