Tawul a Ƙirjin Baƙo

Sai da ta ga bakin ƙanwarta a buɗe sannan ta lura da abin da hannuwanta suka yi. Ta shimfiɗa wa baƙon tawul a ƙirji, ta yayyanka masa nama ƙanana-ƙanana, ga shi kuma tana hura cokalin shinkafa dab da bakinsa.

Haka ta yi ta ciyar da mijinta tun da ɓarin jikinsa ya shanye har Allah ya karɓi abinsa. Wannan kuwa mai shagon littattafai ne, lafiyayye garau, yau ya fara zuwa cin abinci gidan da niyyar neman aurenta.

Ta saki cokalin, ta shige kicin kamar ƙasa ta tsage ta haɗiye ta.

Ƙanwar ta biyo ta tana danne dariya. "Yaya, saura ki goya shi!"

"Don Allah rufa min baki."

Dangi sun sha yaba mata, wai mace ta gari mai haƙuri. Yabon ma ya zame mata sarƙa, don babu wanda ya taɓa tambayar ta me ya rage mata in an cire jinya. Ita kanta ba ta sani ba, kuma tsoronta ke nan game da mutumin nan.

Baƙon ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, tawul ɗin a hannu. Ƙanwar ta sulale.

"Ranki ya daɗe, haƙoran nan duk nawa ne, ban aro ba."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan famfo ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Abin da na iya ke nan. In ba ka da ciwo, ban san me za ka yi da ni ba."

"Ni ba majinyaciya nake nema ba. Matar da ta shigo shagona ta ce littafin da nake ta tallatawa shirme ne, ita na biyo."

"Ai shirmen ne."

"To, kin gani? Da ita nake son in ci abinci."

Ta wanke fuskarta, ta daɗe tana gogewa. Kunyar ba ta tafi ba, har cikin kunnuwanta take jin zafinta, amma ta fito.

A tebur ta tarar farantinta wayam. Ashe ta zuba wa kowa ban da kanta. Ƙanwar ta miƙo hannu za ta zuba mata, yayar ta ce, "Bari." Ta jawo kwanon da kanta, ta tsallake wuya da ƙafar kaza da ta saba ɗauka, ta ɗauki cinya.

"Malam, miƙo min ruwa," ta ce.

Ya miƙo. Ta sha, ba ta ba kowa haƙuri ba.