Malama Turai Ta Ƙi Tashi

Tun haihuwarta ta ƙarshe, wadda ta zo da gardama, Malama Turai ba ta iya riƙe bayan gida. Ta yi tari, ko ta sunkuya ɗaukar buta, sai ta ji ya zubo. Ta daina zuwa Islamiyyar matan aure da take koyarwa a Basirka, ta ce wa ɗalibanta ciwon baya ne.

Zuwanta na farko asibiti a Birnin Kudu an yi mata dogon bayani, ita kuwa kanta na ƙasa don kunya, "to" kawai take cewa. Kafin mota ta kai Gwaram ta manta komai.

Da ta koma, wata nas mai suna Sharifa ta samu. Sharifa ta gama bayani, ta leƙa layin da ke waje.

"Shi ke nan, Malama, Allah ya ƙara sauƙi."

Turai ta gyara zama.

"Ba inda za ni. Wancan karon haka na tashi, na je gida ban riƙe ko ɗaya ba. Yau sai na biya miki da bakina."

Sharifa ta dube ta, ta tura ƙofa, ta jawo kujera kusa. "To, mu ɗauka kaɗan-kaɗan. Me kike fara yi da safe?"

Haka suka bi ranar Turai tun daga asuba. Bayan karin kumallo ta zaga bayi, ko ba ta ji matsuwa ba. In ta idar da kowace salla, kafin ta tashi, ta matse dubura kamar mai riƙe iska, ta saki, ta sake. Barkono da shayi a rage, ganye da wake a ƙara sannu a hankali. Duk wanda Sharifa ta faɗa sai Turai ta maimaita. Wurin matsewar ta ce ciki ake matsewa.

"A'a, ba ciki ba. Ɗora hannu a cikinki. Kada ki ji ya motsa."

Sai da ta biya duka ba gyara sannan ta ɗauki jakarta.

Bayan 'yan makonni abin ya ragu, amma bai ɗauke ba. Ranar da ta saka hijabi za ta makaranta, surukarta ta tare ta a zaure.

"Turai, ki rufa wa kanki asiri. In ya zo miki a gaban mata fa?"

"Inna, in ya zo akwai ruwa, ga zane a jakata. Ni ba laifi na yi ba, haihuwa na yi."

Ya kuwa zo, ana tsakiyar karatu. Ta miƙe.

"Ku ci gaba, ina zuwa."

Ta wanke, ta sauya zane, ta dawo ta tarar ajin tsit, wata a baya tana toshe dariya da mayafi. Turai ta tsaya a gabansu.

"Da na ce muku ciwon baya ne, ba shi ba ne. Bayan gida ne ke kufce mini, kuma ina magani. Mai dariya ta gama yanzu, ina jiranta."

Ba wadda ta sake dariya. Turai ta zauna kan tabarmarta, ta dubi wata ɗaliba.

"Jummai, ɗauko mana daga inda muka tsaya."