Kwanon da Safiatu Ta Miƙa a Talabijin

Safiatu 'yar Mma Humu mai waakye ce, wato shinkafa da waken nan da ake yi wa layi kowace safiya a Zangon Kumasi. Tun tana ƙarama ba ta da aiki sai kwaikwayon mutane. In ta kwaikwayi tafiyar mai unguwa, shi kansa mai unguwar sai ya dara. To, a shekarar 1970 masu wasan talabijin na Accra suka ɗauke ta, za ta fito a mai sayar da abinci, a wasan da ake nunawa kai tsaye, ba gyara ba sakewa.

Mma Humu ba ta hana ba, amma ta ja mata kunne. "Je ki. Ranar da kika kunyata ni a gaban Zango kuwa, ranar za ki dawo gindin tukunya. Kin ji ko?"

"Na ji, Mma."

Ranar gwaji aka samu matsala. Safiatu za ta miƙa wa wani dattijo kwanon abinci, amma da ta ɗaga hannun dama sai kafaɗarta ta tare fuskarta. Mista Ofosu, mai ba da umarni, mutumin kirki ne, sai dai in yana aiki ba ya ganin komai sai abin da kyamara ta gani.

"Da hagu za ki ba shi," in ji shi.

"Hagu? Babba fa ne!"

"Ni ma a gida ba zan yi ba. Amma wannan wasa ne, fuskarki nake so Ghana ta gani."

Ita ma, wallahi, abin da take so ke nan. Don wa ta sayi sabon ɗankwali?

Ranar wasa aka kunna fitilu, dattijon ya zo ya zauna. Furfurarsa ta gaske ce, ba ta auduga ba. Safiatu ta ɗauki kwano da hagu yadda aka ce, hannun nan ya ƙi tafiya. Tsoro ya kama ta, don ta san Zango duk yana tsakar gidan Alhaji Gariba mai talabijin. Sai kawai ta juya, ta ba kyamara baya, ta rusuna, ta miƙa da dama, hagu na tallafe da gwiwar hannun. Ghana kaf ba abin da ta gani sai baya da ƙullin ɗankwali.

Da aka gama, Mista Ofosu ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Da ya gaji ya share gumi ya ce, "Taurin kai! Mako mai zuwa zan juya teburin abincin, ki miƙa da damar taki a ga fuskarki."

Wannan ya wuce, saura Mma. Washegari Safiatu ta hau lori zuwa Kumasi, tana ganin ta tara wa uwarta jama'a a banza. Ta iso ta tarar da sauran masu layi, su kuwa kamar jira suke.

"Ei, tauraruwa! Mun bar aikinmu, mun yi ta ture-ture, ashe ƙeya za mu kalla!"

Aka fashe da dariya. Safiatu ta sunkuyar da kai. Mma Humu tana naɗe wa wani abinci a ganye, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku kuka je neman fuska," ta ce. "Fuskar ni na haife ta, na san ta. Ni na ga abin da na je gani."

Safiatu ta kai hannu za ta ɗauki ludayi ta taya ta. Mma Humu ta buge hannun.

"Ajiye min kayana, kar ki ƙone. Yaushe suka ce ki koma?"