Ƙashin Ƙugu da Basilla

"Ba wannan ba, Ɗanlarai," in ji Dakta Bakari, yana ture ƙashin ƙafar saniyar da na ɗora masa a faranti. "Na ƙugu na ce maka. Na ɗan rago."

Na laluba leda na ciro shi. Yana kishingiɗe a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Tun da ya yi ritaya ya dawo Gwallameji muke katanga ɗaya. Ni mahauci ne a kasuwar Wunti. Shi kuwa a ƙasar waje ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken ɓargo: yadda ake raya jinin waɗanda hasken nukiliya ya ƙona, da abin da ke sa jiki ya karɓi baƙon ɓargo ko ya ƙi shi. Ni dai abin da na sani, ba ya son nama mai kitse.

Maganar 'ya'yana ce ta kai ni. Da sikila aka haifi Zubaida, ƙaramarmu. Likitoci a Legas sun gwada jinin yayarta A'i, sun ce ɓargonta ya dace, wata ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin dasa wa Zubaida shi. Ni kaɗai ake jira, ni kuwa na ƙi. Tun ina yaro nake fitar da ɓargo, kuma hanya ɗaya na sani: a ɗora ƙashi a kan kututture a sare shi da gatari. Na ce wa uwarsu ba zan gurgunta mai lafiya ba. Ita ta kai ƙarata wurin Dakta.

Ya sa matarsa Hajiya ta kawo basilla. Ya miƙo mini ita, ya nuna gefen ƙashin mai faɗi ya ce in murza a hankali. Na murza. Basillar ta nutse, na zare ta, wani jan ɗigo ya biyo baya.

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba."

"To shi ke nan. Wancan da kake tsotsa a farfesu kitse ne. Wannan jan shi ne irin jini. A'i za ta yi barci, a ɗiba da allura, ta tashi da ciwon baya kamar ta wuni tana daka. Kafin wata ya zagayo jikinta ya mayar da abinsa."

Na ce to Zubaida fa?  Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, haɗarin yana kanta ne. Za a kashe nata ɓargon tukuna, za ta galabaita, gashinta zai zube, kuma akwai waɗanda jikinsu ke ƙi. Ya ce lokacin da ya fara aikin nan yawanci rasa su ake yi, yanzu yawanci suna komawa gida.

"In 'yarka ce fa, Dakta?"

"Da tuni muna mota." Ya yi murmushi. "Kwashe ƙashinka, kada Hajiya ta ce na fara sana'arku."

Muna Legas, an riga an yi dashen, Hajiya ta kira. Bayan la'asar, ta ce, Dakta yana kujerar nan ya tambaya ko jinin yarinyar ya fara tsirowa. Ta ce masa e, da safe muka faɗa mata. Ya ce Alhamdulillahi, ya nemi shayi. Kafin ta sauke buta Allah Ya karɓi abinsa. Ban samu jana'iza ba. Na yi masa addu'a a barandar asibiti, da takunkumi a fuskata.

Sai da mangwaro ya nuna muka dawo. Na kai 'yan matan gaisuwa. Hajiya ta riƙe fuskar Zubaida ta daɗe tana duba idanunta, waɗanda duk unguwa ta sani rawaya, yanzu farare tas. Ba a ɗauke kujerar ba. A gefenta, kan taga, ga ƙashin ya bushe ya yi fari. Ashe ranar nan ban kwashe shi ba.

A'i ta cire takalmi ta haye bishiyar. Na buɗe baki zan ce ta sauko, sai na ƙyale ta. Zubaida ta tsaya a ƙasa ta ware hijabinta, tana jiran na farko ya faɗo.